Koren Gidan Burodinmu

Har yau in na ga launin ruwan lemo raina ɓaci yake yi. Ko a rigar mutum na gan shi sai na kau da kai, kuma Auta ne ya ja mini.

Auta ƙanena ne, mu biyu ke riƙe da gidan burodin da marigayi Baba ya bar mana. Ni ina ciki wajen kwaɓi da tanderu, shi yana kanta. Tun ina yarinya shagon nan kore ne. Ƙofa koriya, allon sama kore, ledar burodin ma da zangarniyar alkama koriya a jiki. Baba da hannunsa yake haɗa fentin, ya ɗiga shuɗi a cikin kore, yana juyawa da sanda har sai ya yi masa. Ba wanda ya taɓa tambayarsa awon abin.

Wata safiya sai ga Auta da wata yarinya mai zanen tambari, da kwamfutarta a hammata. Tana da ladabi, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta buɗe ta nuna mini shagonmu, an mai da shi kamar ɓawon lemo, da wani jan burodi yana murmushi.

"Anti, kore kwantar da hankali yake yi," in ji ta. "Launin kantin magani ne. Mai wucewa ya gani ya ji sanyi a ransa, ya wuce abinsa. Ruwan lemo da ja su ke ta da yunwa, mutum ya ji ɗumin burodi tun daga bakin titi."

Na ce, "Ikon Allah! Ashe yanzu a bango ake jin yunwa?"

Auta ya ce, "Yaya, ke dai ba kya son ci gaba."

Na janye shi gefe, bayan buhunan fulawa, na ce, "Kai, Inna fa?"

Mahaifiyarmu tsufa ya taɓa mata tunani. Wata rana ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu, wata rana ta tambaye ni ko 'yar wace ce ni. Amma abu ɗaya bai ɓace mata ba. Kullum da hantsi za ta yafa mayafi, ta fito daga gida ita kaɗai, ta miƙe layinmu har shago, ta zauna a benci tana amsa gaisuwa. In an ce za a raka ta, faɗa ne. Inna ba ta karanta allo. Koren take bi.

Auta ya yi dariya. Wallahi dariya ya yi! Ya ce, "Haba Yaya, hanyar da take bi tun ba a haife mu ba? Ƙafarta ma ta haddace."

Ranar da ba ma buɗewa ya kawo masu fenti, bai gaya mini ba. Su kuma ba sa shafa sabo a kan tsoho, sai sun kankare har ƙarfe ya fito. Suka kankare ƙofa tas suka shafa mata ruwan lemo, suka cire allon Baba suka ba mai gwangwan, mai sayen tsoffin ƙarafa, suka kafa sabo mai burodi mai murmushi. Tsoffin ledoji kuwa Auta ya riga ya ƙarar da su, saboda shi mai dabara ne.

Washegari hantsi ya yi, benci ba kowa. Na aika gida, aka ce ai ta fita tun ɗazu. Na bar burodi a wuta na fito da gari a hannuna ina tambayar duk wanda na gani. Mai gyaran takalmi na bakin layi ya ce ya ga ta tsaya a gaban shagonmu, ta ɗaga kai ta duba, ta wuce.

Ta wuce! Matar da ba ta san hagu da dama ba ta tsallake babban titi, inda manyan motoci ke gudu kamar an koro su. Can na same ta, a ƙofar wani mai sayar da iri da taki. Ƙofarsa koriya ce, rana ta ci ta. Bawan Allah ya ba ta kujera da ruwa. Tana ganina ta ce, "Ke, yau me ya hana babanku ɗora burodi? Ban ji ƙamshi ba."

Abin da na yi wa Auta a ranar, a gaban masu saye, ba na nadamarsa. Na ce masa marar tunani, na ce masa ya sayar da uwarsa don burodi mai murmushi. Idonsa ya yi ja.

Ya sayo koren fenti ya shafa wa ƙofar. Muka kawo Inna. Ta duba ta ce, "Nan ina ne?" Ya ƙara shuɗi, ya yi duhu. Ya ƙara fari, ya koma kamar bangon asibiti. Yarinyar nan mai zane ta zo da kanta, jikinta a sanyaye, ta baza katunan launi a kan kantar shagon, kore iri-iri har ido ya gaji. Ta ce a kawo tsoffin hotuna. To, kowace waya da irin koren da take nunawa. Ni da na girma a gindin ƙofar nan, aka ce in nuna, na tsaya ina raba ido. Na leƙa bayan ƙyaure, na leƙa ƙarƙashin sakata ko ɗigo ya tsira. Masu fentin nan sun iya aikinsu, Allah ya isa.

Kuma ka san abin da ya fi ƙona mini rai? Yarinyar ta yi gaskiya. Tun da allon nan ya hau, burodi ba ya kai la'asar. 'Yan makaranta suna nuna burodi mai murmushi suna jan hannun iyayensu. Ina kwaɓi ina jin hayaniyarsu, kamar in fito in kore su.

Yanzu Inna shagon mai iri take zuwa. Mun hana, mun kulle ƙofa, ta yini tana kuka ta ƙi abinci, dole muka buɗe. Kullum ɗayanmu zai bi ta a baya daga nesa, ya tsare mata motoci, ba tare da ta gani ba.

Jiya Auta ya ce shi zai kai mata burodin safe. Na bi shi, don ban yarda da shi ba ko a wannan. Ya durƙusa a gabanta, ya miƙa mata da hannu biyu, da zafinsa, a cikin sabuwar leda.

"Inna, ga burodi."

Ta dubi ledar, ta dube shi, ta tura hannunsa a hankali.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan," in ji ta. "Kai wa uwarka. Mu ba ma cin na wasu, muna da gidan burodinmu."