Ɗan Kaman Assar Nyhlén

Assar Nyhlén ya shekara arba'in da wani abu yana zana teku, amma ka ambaci sunansa ko'ina a yankinsu na Skåne, abin da za ka ji shi ne, "Au, mai ɗan kaman nan?"

Yana saurayi ya yi zanen. Masu wasan tanti sun sauka a garin Simrishamn, ya zaga ta baya ya tarar da ɗan kamansu zaune kan akwati yana cin burodi da kifi, fuska fara fat da hoda, hanci ja, baki a turɓune. Kafin a kira mutumin fili har ya gama zayyana shi. Aka buga zanen, ya shiga ɗakin jiran likitan haƙori, ya shiga kicin ɗin kowace tsohuwa. Assar ya tafi birnin Faris ƙaro karatu, ya dawo ya tare a bakin ruwa, ya duƙufa kan zanen teku. Duk a banza. Abin da ya yi kamar da wasa ya danne abin da ya ba rayuwarsa, kuma wannan ya tsaya masa a rai har tsufa.

Bana idonsa ya soma dishi-dishi, likita kuma bai ɓoye masa komai ba. Bikin Ista na bana ne na ƙarshe da zai buɗe ƙofar ɗakin zanensa tare da sauran masu zanen yankin, jama'a su bi gida-gida suna kallo. Buri ɗaya ya rage masa: a samu mutum, ko ɗaya tak, ya tsaya gaban tekunsa ya kalla da gaske.

Ana gobe buɗewa ya sauke ainihin zanen ɗan kaman daga bango, ya kira matarsa.

"Gunvor, kama min nan."

"Ina za ka kai bawan Allah?"

"Ɗakin dankali."

"Shekara nawa yana tarbar maka baƙi, yau ka haɗa shi da dankali? Kai dai tsufanka bai zo da kyau ba."

"Ki kama ko ki ba ni wuri."

Ta kama.

Washegari motoci suka cika layi. Mutane suka tuɓe takalma a ƙofa, suka sha kofi, suka cinye wa Gunvor burodin kirfa tas. Mutanenmu kuwa ba sa ce maka abu bai yi ba. Sai mutum ya karkata kai, ya ce, "Kai, da ban sha'awa," idonsa na laluben wani abu dabam. Daga nan sai tambayar ta biyo: "Ina ɗan kaman?" Assar ya ce ya yi tafiya. Wani mai ƙiba ya yi dariya har da buga cinya, ya sa takalminsa ya fice.

Can da yamma, ɗakin ya yi sauƙi, wata mata mai rigar ruwa ruwan ɗorawa ta shigo. Ba ta sha kofi ba, ba ta tambayi kowa ba. Ta tsaya gaban babban zanen tekun da ya yi bara, ta matsa kusa, ta ja baya. Ta koma na gefensa, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta sake dawowa na farko. Zuciyar Assar ta soma bugawa kamar ta yaro. Ya yi kamar yana gyara burusai a gwangwani.

Da ya kasa haƙuri ya matso. "Kin daɗe a nan."

"Kai ne Assar? Ni Majken. Wallahi ka iya ɓoye abu."

"Me na ɓoye?"

"Ɗan kaman mana. A kicin ɗin mahaifiyata yana rataye daidai inda nake zama. Da shi na ci abincin yarintata kaf, ko daga barci na tashi zan gane shi." Ta ɗaga yatsa ba tare da ta taɓa ba. "Ga idanun, duwatsun nan biyu. Jan ƙwallon tarun masunta a tsakiya, hanci ke nan. Farin kumfa kewaye. Ga bakin, yadda gaɓar ta lanƙwaso ƙasa. A wancan ma haka, sai dai ya ɗan juya. A wancan ya tsufa. Da gangan ka yi, ko?"

Assar ya matsa gaban zanen. Ya duba, ya ga fuskar ɗan kaman. Ya juya bango na biyu, ya gani. Matar ta yi godiya da zuciya ɗaya, ta ce ba ta taɓa ganin mutum ya riƙe fuska guda da amana haka ba, ta tafi abinta tana murna.

Gunvor na tattara kofuna, ta ƙi ɗago kai.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun zanen tekunka na farko."

"Kika yi shiru?"

"Da na faɗa maka da ka jefar da burushi. To me zan yi da kai a cikin gida, kana bina daga kicin zuwa falo?"

Bai yi dariya ba. Ya zauna kan benci, baƙin ciki ya rufe shi, ga kuma kunya, don ya roƙi a kalla, an kuma kalla. Ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Amma ruwan fa, Gunvor? Ruwan ya yi?"

Ta ajiye faranti, ta goge hannu, ta zo ta zauna kusa da shi. Ta kalli zanen tsawon lokaci, don ta san in ta yi saurin amsawa ba zai yarda ba.

"Ruwan ma ya yi, tsoho," in ji ta.