Kwanon da Ban Buga Ba

Ni dai tun ina yarinya a Bodinga nake da ciwon kallon sama. Da aure ya kawo ni Kajiji, gidan su mijina Lirwanu, na zo da ciwona, na kuma zo da waya mai nuna mini abin da zai faru a sama kafin ya faru. Inno, uwar mijina, ba ta son wayar nan ko kaɗan, ni ma ba ta cika sona ba.

Gero ya fara nuna lokacin da na ga za a yi husufin wata, kuma da magariba zai fito da jansa. Na nuna wa Lirwanu, ya duba da idonsa, ya ce ikon Allah. Da na tsaya nan da an zauna lafiya, amma bakina ba ya riƙe magana. Wurin daka na faɗa wa matan gida, har na ƙara da cewa zai fara washewa wajen kiran isha'i, ko an yi kiɗa ko ba a yi ba.

A garin, in wata ya yi zazzaɓi, mata kan fito da kwanoni da faranti su yi ta bugu, wai rana ce ta kama shi, sai ta ji hayaniya za ta sake shi. Inno ce shugabar wannan aiki tun kafin a haife ni. Maganata ta isa kunnenta kafin in gama tankaɗe.

"Ke ɗiyar Bodinga, mi kinka ce?" in ji ta. "Ke ta ka gaya ma wata lokacin tashi nai?"

"Inno, ba ni na aza mai ba. Lissahi na, awa na lokacin salla."

"To ji nan. In yat taho, duk macen da ba ta ɗauki kwano ba cikin gidanga, ta kwan da shirin komawa gidansu."

Ranar ta zo, sama tas babu hadari. Ana idar da magariba sai ga watan ya ɗago ta bayan gonaki, jawur kamar garwashi. Maza suka nufi masallaci sallar husufi, mata suka hau bugu, garin ya rikice. Inno ta dire wani tsohon kwano a gabana. Na dube shi, na kife shi, na zauna a kai, na ɗaga kaina sama. Shekara da shekaru nake jiran in ga wannan abu, ba zan ɓata shi da ƙarar kwano ba. Kuma wallahi ya yi kyau, har ƙwalla ta zo mini.

Ladan na ɗaga murya da kiran isha'i gefen watan ya fara fari, kamar yadda na faɗa. Na juya ina jiran wani ya ce wani abu. Inno ta share gumi ta ce, "Kun gani? Da mun biye ma waccan, da yanzu rana ta cinye shi."

Da safe Lirwanu ya shigo ɗakina yana sosa ƙeya.

"Ramla, ki tai ki durƙusa ma Inno. Ki ce kiɗinsu yas sake shi, magana ta mutu."

"Kai hwa ka gani cikin wayag ga da idonka."

"Na gani. Amma uwata ta."

"In durƙusa mata, wanga ba komi na ba, kullum ina yi. In ɗebo mata ruwa, in wanke mata tuhwahi, duk ni yi. Amma ban cewa kwano yas saki wata."

"To mi kike so in yi?"

"Ka hito tsakar gida ka hwaɗi abin da kag gani."

Ya yi shiru yana kallon ƙasa. Ba korar Inno ce ta ƙona mini rai ba, ita abin da ta gada take karewa, kuma ta yarda da shi har zuciyarta. Shirun nan nasa ne ya gama da ni. Na ɗaure kayana a zane, na gaida Inno har ƙasa kamar yadda aka koya mini, ba ta amsa ba. Lirwanu ya fito da babur zai kai ni Bodinga. Na wuce shi na tari ɗan kabu-kabu a bakin hanya.