Ƙafar Hagu ta Layne Pasloski

Ba na son 'yan wasana su kai ga zaman sasanci, kuma duk wanda ya zo mini da maganar sai na fara tsorata shi tukuna. Na buga hokin ƙanƙara har gwiwoyina suka ƙare, daga nan na koma wakilcin 'yan wasa, ni nake zama da manajoji in yi musu cinikin albashi. A aikin nan na ga ƙarti marasa haƙoran gaba, waɗanda ake ɗinke musu fuska su koma fili a wasa ɗaya, sun fito daga ɗakin sasanci suna jan majina. Ƙungiyarka ce za ta ɗauko lauya, ya yini yana nuna wa alƙalin sasanci cewa ba ka kai kuɗin da kake nema ba. Kai kuwa kana zaune cikin kwat da laktaye kana ji.

Layne Pasloski ya saurari duk wannan daga bakina, ya ce in shigar da takardar kawai.

Layne ɗan baya ne, ɗan manomin alkama daga wani ƙaramin gari a Saskatchewan. Ba ya cin ƙwallo, ba kuma don haka ake biyansa ba. Aikinsa shi ne in abokin hamayya ya ɗaga sanda zai sheƙa faifan robar da ake wasan da shi zuwa raga, shi ya jefa jikinsa a gaba. Faifan daskararre ne, in an buga shi da ƙarfi ya fi mota gudu a babban titi. Murray Delorme, manajan ƙungiyar, shi ya zaɓo Layne yana ɗan shekara goma sha takwas. Har gonarsu ya je, ya zauna a kicin ya ci perogi, 'yan curin fulawa masu haɗi a ciki da mahaifiyarsa ta dafa. Tun daga ranar "ɗana" yake ce masa.

A watan Fabrairu faifai ya samu Layne a saman ƙafar hagu. Da aka zare takalmin, ƙafar ta kumbura kamar burodi. Likitan ƙungiya ya ce a je a ɗauki hoton ƙashi, Layne ya ce a'a. Kowa a ɗakin ya san lissafin. In aka ɗauki hoto aka ga karaya, dole likita ya ajiye ka wata biyu. In ba a ɗauka ba, buguwa ce. Haka muke yi tun kafin a haife shi, ni ma haka na yi da gwiwata. Murray ya shigo, ya dubi ƙafar, ya turo ƙofa.

"Ni ba zan ce ka buga ba, ɗana," in ji shi. "Amma ka san inda muke a teburin gasa."

Aka samo masa takalmin da ya fi ƙafarsa girma, ana yi masa allura kafin kowane wasa. Haka ya buga har ƙarshen kakar wasa. Ƙungiyar ta kutsa zagayen neman kofi da ƙyar, aka fitar da ita a karon farko. Ƙashin ya haɗe da kansa yadda ya ga dama, a takarda kuma an rubuta buguwa.

Da kwantiraginsa ya ƙare muka nemi dala miliyan huɗu. Suka ce biyu da rabi, suka kafe a nan.

Ana gobe zaman, muna otel a Toronto, ƙarshen watan Yuli, gari ya ɗau zafi. Na ce masa gobe zan buɗe baki da maganar ƙafar.

"Ba za ka faɗa ba, Armand."

"Ni kake ba umarni? Ita kaɗai ce makaminmu. Alƙalumanka daga Fabrairu kamar na wanda ya sa takalmin matarsa ya shiga fili."

"Kowa a ɗakin canza kaya yana da abin da ke masa ciwo. Abokin wasana Aleksi da tsagaggen haƙarƙari ya ƙare kaka, ka ji ya faɗa wa wani? In na shiga gaban baƙuwar alƙaliya ina cewa ƙafata, ƙafata, da wace fuska zan koma cikinsu?"

"Da fuskar mai miliyan huɗu."

Bai yi dariya ba. Yana ta jujjuya cokali a cikin gahawa.

"Murray ya sani," ya ce. "Yana tsaye a wurin. Ba zai bari a taɓa watannin nan ba. In ma an taɓa, shi zai yi magana."

"Paz," na ce, da sunan da muke kiransa, "anya faifan nan a ƙafa kaɗai ya same ka?"

"Kai dai tsoho, ka yi naka aikin."

Daga nan na gane ba kuɗin ne ya kawo shi Toronto ba. So yake ya ji Murray ya faɗa da bakinsa, gaban mutane, abin da ya yi wa ƙungiyar. Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa, domin ni ne zan shiga ɗakin hannu a ɗaure.

Da safe muka haɗu da Aleksi Rautio a ƙasan otel. Shi ne abokin tsaron bayan Layne, ɗan Finland, shi ma ya kai ƙungiyar gaban alƙalin sasanci a mako ɗaya da mu. Yana jan akwatinsa yana murmushi.

"Na sa hannu jiya," ya ce. "Sun ƙara kaɗan, na karɓa. Ba zan zauna a karanta mini laifuffukana da sassafe ba, ina da mata a gida don wannan."

"Matsoraci," in ji Layne.

"Matsoraci mai jirgin ƙarfe goma. Sai Satumba, gurgu."

Yawanci haka ake ƙarewa, a bakin ƙofa, saura kaɗan a shiga. Muka tsaya a barandar ɗakin sasancin muna jira ko za a kawo mana tayin ƙarshe. Murray ya iso da lauyansa, ya dafa kafaɗar Layne, ya tambaye shi ko an samu ruwa a gona bana. Sannan ya wuce ciki.

Alƙalin sasancin mace ce, Madam Whitcombe, tsohuwar malamar shari'a, mai gilashi rataye a wuya. Ni na fara. Na kawo yawan harbin da Layne ya tare da jikinsa, da yawan mintunan da yake yi a fili, da albashin 'yan baya irinsa a wasu ƙungiyoyi. Na yi abin da zan iya. Ta saurara tana rubutu, fuskarta ba ta nuna komai ba.

Sai lauyan ƙungiya ya miƙe. Prentice sunansa, yaro ne mai ladabi, da gani bai taɓa sa takalmin ƙanƙara ba sai dai a wurin shaƙatawa. Ya rage hasken ɗakin, ya kunna bidiyo.

Hoto na farko daga ƙarshen Fabrairu ne. Na biyu daga Maris. Duk daga bayan raunin suke, ko ɗaya babu daga kafin nan.

"Ki duba nan, ranki ya daɗe," in ji shi, ya sassauta gudun hoton. "Ɗan gaba ya biyo ta hagunsa. Ki ga tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya juya. Bari in maimaita."

Ya maimaita. A bango, Layne yana juyawa kamar tirela a lungu, wani yaro ya wuce shi fit.

"Ba ma shakkar halinsa, mutumin kirki ne, kowa na son sa. Amma wasan yanzu na gudu ne, shi kuma ƙafafunsa sun fara barinsa yana da shekara ashirin da shida. Ƙungiya ba ta biyan jiya, gobe take biya."

Layne bai kalli bango ba. Murray yake kallo. Murray kuwa ya sa wa bironsa ido yana murza shi tsakanin yatsu, sai ka ce yau ya fara ganin biro. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na taka ƙafar Layne ta ƙarƙashin tebur, ta dama, don ya ba ni izini. Ya girgiza kai kaɗan. Prentice ya ci gaba, hoto bayan hoto, har zuwa hutun rana.

A wajen tulun gahawa Murray ya same mu. Ya matso kusa da Layne, ya rage murya.

"Yaya ƙafar, ɗana? Har yanzu tana riƙewa da safe?"

Da gaske yake tambayar, na gani a idonsa. Wannan ya fi komai ba ni takaici.

"Da sauƙi," in ji Layne.

"Kada ka sa maganar yaron can a ranka. Aikinsa yake yi, kowa sai an yi masa haka."

"Wa ya zaɓar masa hotunan?"

Murray ya yaga takardar sukari, ya zuba, ya juya.

"Akwai masu wannan aikin a ofis," ya ce. "Ka gaida mini mamarka."

Da ya tafi na ce wa Layne, "Ka ji dai. Yanzu ka bar ni in yi magana."

"A'a."

"To don Allah me kake jira?"

"Ba a gama ba tukuna," in ji shi.

Bayan hutu muka yi musayar martani, ni da Prentice, babu abin da ya sauya. Ana shirin rufewa Madam Whitcombe ta ajiye biro, ta cire gilashinta. Ba doluwa ba ce.

"Mista Pasloski, na lura duk abin da aka nuna mini ya fara ne a mako ɗaya. A takardar likita an ce buguwa a ƙafa, ba ka kuma rasa wasa ko ɗaya ba. Akwai abin da ya kamata in sani?"

Layne ya juya gaba ɗaya ya fuskanci Murray, ba a ɓoye ba, kowa na gani. Ya jira. Jiran ya yi tsawo har Prentice ya fara gyara takardun da ba su buƙatar gyara. Murray ya ɗago sau ɗaya, suka haɗa ido, ya mai da kansa ƙasa.

"Babu, ranki ya daɗe," in ji Layne. "Duk wasan da na shiga, ni na ce zan iya."

Ta ɗan dube shi, ta mai da gilashinta, ta rubuta wani abu gajere.

Da aka tashi aka yi musabaha, domin mu ko wanda ya fasa maka hanci sai ka ba shi hannu in an gama. Murray ya riƙe hannun Layne da hannu biyu ya ce sai sun haɗu a sansanin horo. Layne ya ce to.

Hukunci ya fito bayan kwana biyu, kusa da abin da ƙungiya ta ce, shekara ɗaya. Na buga masa waya, ina jin ƙarar injin a bayansa, ya koma gona yana taya babansa. Na faɗa masa. Ya ce to, na gode. Na ce zan iya fara neman ƙungiyar da za ta saye shi. Ya ce a bari tukuna. Bai zagi kowa ba, ni ne ma na yi zagin a madadinsa.

Ya koma horo a Satumba cikin ƙoshin lafiya, yana gaisawa da kowa, yana tsokanar Aleksi kamar kullum. Na ɗauka magana ta wuce.

A watan Oktoba na je kallonsu, wasan ranar Lahadi da rana, fili cike da iyalai. Ana kunnen doki a zango na uku, aka kori ɗan wasansu ɗaya na minti biyu, suka rage huɗu a gaban biyar. Irin lokacin da ake tura Layne ke nan. Faifai ya koma wurin wani ƙato a bakin layi, ya ɗaga sanda har sama. Layne yana daidai inda ya kamata, tsakaninsa da raga.

Ƙaton ya sheƙa. Layne ya ɗage ƙafar hagu.

Ɗagawa ce kaɗan, ba ta kai taƙi ba. Faifan ya bi ta ƙarƙashinta, gola bai gan shi ba, ya shige raga. 'Yan kallo suka yi gunaguni, yawancinsu sun ɗauka golan ne ya yi barci. Amma duk wanda ya taɓa buga wasan nan ya ga abin da ya faru. A bencinsu babu wanda ya dube shi da ya dawo ya zauna. Can sama a ɗakin gilashi, Murray ya miƙe tsaye, hannu a aljihu, ya daɗe bai zauna ba. A wurinmu a yi maka shaidar ba ka iya wasa ba ya fi a ce ka kauce wa faifai. Ban ji daɗin ganin haka ba, ban kuma ga laifinsa ba.

Na jira shi a wurin ajiye motoci. Ya fito da jakarsa, gashinsa a jiƙe, yana tafiya daidai, ba ɗingishi.

"Paz, na ga abin da ka yi."

"Na san ka gani."

"Kuskure ne? In kuskure ne ka ce mini, in san abin da zan faɗa wa Murray in ya kira."

Ya buɗe bayan mota, ya jefa jakar, ya rufe a hankali.

"Ka ce masa ƙafata ce," in ji shi.