Tazarar Anti Angela

Ƙungiyar masu keken ba ta da girma. Akwai George, mai garejin gyaran mota a unguwar Apo ta Abuja, shi ke jan gaba. Akwai Malam Abdulmajeed, ma'aikacin gwamnatin tarayya, da Anti Angela, nas ce, wadda kullum take zama ta ƙarshe a layi, sai wasu 'yan kaɗan. Suna da kekuna masu kyau da hular kwano. Abin da ba su da shi shi ne hanyar kansu, dole su yi tarayya da tirelolin unguwar masana'antu ta Idu a kwalta ɗaya.

Kauthar, 'yar Malam Abdulmajeed, sabo da titi ne ba ta da shi. Ta iya keke, amma a harabar gida kawai. Tun tana ƙarama babanta ya koya mata cewa a kasuwa ko wajen tsallaka titi ta manne masa a baya, kada ta bari kowa ya shiga tsakaninsu. Ba ta taɓa saɓawa ba.

Ran Asabar ɗin da aka fara fita da ita, an sa ta tsakanin babanta da Anti Angela.

George ya ce wa babanta, "Oga, ka gaya wa yarinya ta bar fili a gabanta?"

"Na gaya mata. Kauthar, tsawon keke biyu tsakanina da ke. Kin ji?"

Ta ce ta ji.

Da farko ta bar filin. Sai tirela ta farko ta wuce, iskarta ta girgiza mata keke, ƙararta ta cika mata kunne. Ta ga bayan babanta yana nisa, ta ji kamar za a bar ta ita kaɗai da manyan motocin nan. Ta taka feda da ƙarfi har tayarta ta kusa shafar tasa.

Daga baya Anti Angela ta ɗaga murya. "Kauthar, ja baya kaɗan. Babanki ba zai gudu ba, ki duba tumbinsa."

Kauthar ta waiga da sauri. Matar tana can nesa da ita. Ta ce a ranta, wannan ko faɗuwa na yi ba za ta iso ni ba. Ta ƙara matsowa kusa da babanta.

A wata kwana, yashi ya zube a gefen kwalta. George ya nuna shi da hannu, na bayansa ma suka nuna. Kauthar ba ta ga komai ba sai rigar babanta. Sai baban ya taɓa birki. Tayarta ta bugi tasa, kan keken ya karkace, ta faɗi da gefe, hannunta ya shimfiɗe a kan kwalta.

Tana kwance ta ji ƙarar birki na tahowa. Ta ga taya tana nufo yatsunta, ta runtse ido.

Ba abin da ya taka ta. Da ta buɗe ido, tayar Anti Angela na tsaye daf da hannunta. Wata tirela ta wuce ta ɗaya layin.

Malam Abdulmajeed ya yar da kekensa ya dawo a guje, yana ta salati. Anti Angela ta riga ta ja yarinyar gefe tana duba gwiwarta da ta kuje.

"Motsa yatsu in gani. Yauwa. Ba karaya."

Kauthar tana kuka ta ce, "Baba, kai ka ce in riƙa manne maka."

Ya durƙusa ya goge mata fuska. "Na ce, Mamana. A kasuwa ke nan. Da ƙafa."

Ta daɗe tana kallon tayar da ta tsaya. A nan ta gane cewa nisan da Anti Angela ta bari ne ya ba ta damar tsayawa, kuma da ta manne mata yadda ita ta manne wa babanta, da ta taka mata hannu.