Ƙwan Baba Ya Fi Zaƙi

Tun shigowar sanyi Dorina ta fara ramewa. Yarinyar da a da sai na bi ta da gudu a tsakar gida kafin in sa mata takalmi, sai ga ta tana wuni a bakin murhu ta rungume ciki, ko 'yar tsanarta ba ta ɗauka. Shekararta uku a lokacin. Mu uku muke zaune a ɗaki guda, a saman wani tsohon bene a birnin Milano wanda bam ya cinye rabinsa lokacin yaƙi. Nan gado, nan murhu, nan teburin aikin ubanta, Fulvio.

Fulvio mai zane ne. Kafin yaƙi fuskokin mutane yake zanawa, amma tun da ya dawo daga sansanin fursunoni a Jamus bai ƙara zana ido ko hanci ba. Ya ce ya ga fuskoki sun ishe shi. Shi da abokansa launi zalla suke shimfiɗawa, ba mutum ba bishiya. Nasa a kan buhun sukari yake yi, ya farke shi ya ɗaure a katako, ya shafa baƙi da toka-toka da wani ja mai kama da tsatsa, sannan ya ja kujera ya zuba musu ido kamar mai jiran su yi magana.

A wannan shekarar son launin rawaya ne ya kama shi. An yi masa alkawarin bango guda a wani baje kolin zane da za a yi idan sanyi ya wuce, shi kuma ya rantse sai ya samo wata rawaya da ya ce bai taɓa ganin irinta ba sai a cikin kansa.

"Nives, zo ki gani," in ji shi. "Wannan da na sa kusa da baƙi ihu take yi. Waccan kuwa ta yi lamo, kamar an tsawata mata."

"Ni dai rawaya biyu na gani, kuma miyata tana ƙonewa."

Ban taɓa raina aikinsa ba. Sharaɗi ɗaya na kafa masa: garin launin da yake saye a ƙunshe cikin takarda, a saman kabad zai zauna, inda hannun yarinya ba ya kaiwa. Bai taɓa saɓawa ba. Ba da mai yake kwaɓa launin ba, da gwaiduwar ƙwai yake yi irin na mutanen da, wai ƙwai ne ke sa launi ya haskaka daga ciki. Yakan ɗiga zuma kaɗan don kada ya bushe da wuri. A cikin fararen kofunanmu na gahawa yake kwaɓin, don ba mu da wasu. Ni kuwa da safe ina gidan guga ina aiki, Dorina tana wurinsa har azahar.

Ƙwan daga wurin Sinyora Palmira yake fitowa, tsohuwar da ke tsaron ƙofar benenmu, wadda ta ƙi rabuwa da kajinta tun zamanin yunwa. Ranar da ta ga na sauko da Dorina a kafaɗa, sai ta kama haɓar yarinyar ta juya ta zuwa haske.

"Maryama mai tsarki! Sinyora Nives, wannan ai ta fi farar bangon coci fari. Me kike ba ta?"

"Komai na ba ta sai ta ture."

"Gwaiduwa da sukari, kowace safiya. Ki kaɗa har hannunki ya gaji. Da shi na raini biyar, ga su nan kamar bijimai. Kuma ki gaya wa mai gidan naki kajina ba don buhu suke wahala ba. Jiya na leƙa zanensa, na ce masa, Maestro, gwanin zane, wa ya zubar maka da miya a kan wannan?"

Haka na yi. Kowace safiya kafin in fita sai in kaɗa mata gwaiduwa da sukari a farin kofi har ta yi kumfa. Shi kaɗai take karɓa. Ta shanye, ta sa yatsa ta suɗe kofin tas, kamar yadda kowane yaro yake yi a garin nan. Na ƙara mata zuwa biyu. Amma ciwon cikin sai gaba yake yi, ga amai, ga kuka ba dalili, cokali ma ya fara suɓuce mata.

Na kai ta asibitin yara ranar wata Talata, hazo ya rufe titi har ba a ganin taragon jirgin cikin gari da ke tahowa sai dai ƙararsa. Likitan dattijo ne, bai cika magana ba. Ya danna cikinta, ya duba idonta, sannan ya ɗaga leɓenta na sama ya kira ni.

"Sinyora, kin ga wannan shuɗin layin a dasashinta? Gubar dalma ce. Mene ne aikin mijinki?"

"Mai zane ne."

"Tana cin fenti."

"Ba ta ci, Likita. Garin yana saman kabad, ni ma sai na taka kujera."

"To daga wani wuri take samu. Ki nemo shi, in ba haka ba duk abin da na ba ta aikin banza ne. Gobe ki dawo da ita da kayan kwanciya."

Da na koma gida na birkice ɗakin. Na duba bango ko tana ɓantarar farar ƙasa, na duba bakin taga, na duba 'yar tsanar. Fulvio ya sauko da ƙunshin takardunsa ɗaya bayan ɗaya, duk a ɗaure. Muna tsaye muna ta gardama ko daga ruwan famfon tsakar gida ne, sai na lura ban ji motsinta ba. Na ɗaga mayafin tebur. Tana zaune a ƙarƙashi, farin kofi a cinyarta, yatsa a baki, leɓenta da haɓarta duk rawaya. Ta ɗago ta yi mini murmushin da na daɗe ban gani ba.

"Mama, ƙwan Baba ya fi zaƙi."

Ban san lokacin da na fizge kofin ba. Na kai ta bakin kwano ina wanke mata baki tana ihu tana dukan hannuna. Fulvio ya durƙusa ya jawo sauran kofunan. A nan ƙarƙashin teburin yake ajiye ragowar kwaɓinsa, inda ya fi sanyi, don kada ƙwan ya lalace. Ya riƙa juya su a hannu.

"Kullum sai in tarar da su a wanke," in ji shi, muryarsa can ƙasa. "Na zaci ke ce. Har haushinki na ji, na ce kina zubar mini da launi."

"Ni kuma na zaci kai ne ka koyi wanke abin da ka ɓata."



Ta daɗe a asibiti. Ranar da aka kwantar da ita, ban koma gidan guga ba. Na ɗauko teburin, da buhunan, da garin launin, da kofunan nan duka, na riƙa sauka da su zuwa ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda mutanen gidan suka ɓuya lokacin ruwan bama-bamai. Sinyora Palmira ta ba ni makulli, ran nan ba ta da abin tsokana. Na wanke daɓen ɗakinmu da ruwan zafi da toka har fatar hannuna ta tsage.

Fulvio ya same ni a matakala ina ɗauke da babban zanen, wanda ya yi wa tanadin bangon nan.

"Nives, babu taga a can. A hasken fitila ba a gane rawaya, kuma danshi zai cinye ƙwan."

"Ya cinye."

Ya dube ni, na dube shi. Sai ya kama ɗaya gefen katakon muka sauka tare.

Bai kai komai baje kolin ba. Fumfuna ta hau zanen kafin sanyi ya wuce, rawayar ta koma wani kore-kore mara daɗin gani. Har yanzu yana sauka can da safe, amma baƙi da toka kawai nake gani a farcensa. Kafin ya hau sama sai ya tsaya a famfo ya goge hannu da sabulun wanki, ya cire rigar aiki ya rataye a ƙofar Sinyora Palmira. Ban ce ya yi ba.

Dorina ta dawo. Shuɗin layin ya dusashe, cikin ya lafa, amma hannunta na dama bai dawo daidai ba, yana lanƙwashewa daga wuyan hannu. Likita ya ce wataƙila ya warware, wataƙila kuma a'a. Da hagu nake koya mata riƙe cokali.

Na sayi kofin ƙarfe guda ɗaya, shuɗi, nata ita kaɗai. Jiya da safe na kaɗa mata gwaiduwa a ciki, na ƙara sukari fiye da kullum. Ta ɗanɗana, ta ture, ta zame daga kujera ta je ta tsuguna a inda teburin yake a da, tana dube-dube. Ubanta yana bakin ƙofa, ruwan famfo yana ɗiga daga hannunsa.

"Baba, ina nawa?" in ji ta.

Na ɗauke ta na mayar da ita kan kujera, na sake miƙa mata cokalin.