Bangon da Ya Haɗa Gida Biyu

"Ka fito daga ɗakin nan, na ce! Bangon ɗaya ne!" in ji magini.

"Su suka aiko ka?" in ji tela, bai ko ɗago daga kan kekensa ba. "Ka sayar da naka, yanzu kuma ka zama karen farautarsu?"

Magini ya haɗiye zagin. Shekara talatin suna maƙwabtaka. Shi ya gina gidajen biyu da hannunsa, lokacin da unguwar ba mai kallonta. Don bulo ya isa, sai ya haɗa su da bango ɗaya, ya zuba linta guda ta ratsa ɗakinsa ta shiga na tela.

Daga baya baƙi suka cika gari, haya ta yi tashin gwauron zabi. Wani attajiri daga ƙetare, wanda ko inuwarsa ba a taɓa gani ba, ya dinga sayen layin gida-gida ta waya, dillali na kai-komo. Magini ya sa hannu. Tela kaɗai ya kafe. "In na sayar, me kuɗin zai saya min a garin nan? Akurkin kaji?"

Tun ranar ciniki magini ya gaya wa dillali zancen lintar. Dillali ya ce injiniya zai duba. Ba wanda ya zo dubawa. Yau da hantsi sai ga katafila ta zo rushe gidan da magini ya sayar.

"Yaya, don girman Allah," in ji magini, ya cafki hannunsa.

"Yayanka yana gidan ubanka!"

Tela ya rarumi dutsen guga ya kwaɗa masa a goshi. Fata ta tsage, jini ya rufe ido. Magini ya yi taga-taga, ya fice da gudu yana ɗaga hannuwa.

"Tsaya! Akwai mutum a ciki!"

Direban baƙo ne, ba ya jin yaren garin, gilashi kuma a rufe. Masu gadin da suka rako katafilar suka ga mutum jina-jina yana ihu ya doshi injin. Ɗaya ya tare shi da kulki a ciki, ya faɗi, ɗaya ya taka masa wuya, bakinsa ya cika da ƙasa. Daga nan kwance ya ga katafila ta ɗaga hannu ta daki ɗakinsa na dā.

Lintar ta karye, ta ja ɓangarenta da ke ɗakin tela. Rufin tela ya rufta.

Da hannu mutanen unguwa suka yi ta tono, farce na fita. Sun same shi kife a kan keken, siminti a gadon bayansa, ƙafarsa ɗaya har yanzu kan fedar. Ya buɗe ido ya dubi magini. Leɓensa ya motsa, jini ne kawai ya fito. Kafin a samo mota ya cika.

Da la'asar layin ya yi tsit. Matar tela na zaune kan ɓaraguzai, tana kakkaɓe wata rigar makaranta da bai gama sa wa hannu ba. Magini na tsugune gefe, tsumma ɗaure a goshi.

Dillali ya iso, ya tsallake bulo a hankali don kada takalminsa ya ɓaci. Ya durƙusa, ya yi gaisuwa, ya ce Allah ya jiƙan rai. Sannan ya matso kusa da kunnen magini, ya sassauta murya.

"Cikin 'ya'yansa, wa ke riƙe da takardun gidan?"