Ƙudan Goggo da Famfon Ciyaman

Famfon unguwar ya koma baƙi ƙirin. Daga bakin ƙarfen har gindin simintin da ruwa ke taruwa, ƙudan zuma ne jingim, wasu na tashi, wasu na sauka. Mata sun ja baya da bokitansu sun jeru a inuwar katanga, kowace na jiran wata ta fara. Goggo ta tsaya a tsallaken titi tana kallo. Ta gyara mayafinta ya fi sau biyar, alhali mayafin bai yi mata laifin komai ba.

Shekara takwas ke nan da ta ajiye aikin unguwarzoma ta ɗora akwatunan zuma uku a saman rufin gidanta, ba wanda ya taɓa kawo ƙara. 'Ya'ya sun watse, hannun da ya saba aiki ya rasa abin yi, ƙudan nan ne suka ba ta dalilin tashi da safe, kuma tana son su so na gaske. Dabarar zama lafiya da maƙwabta ba ta da wuya: daro ɗaya cike da ruwa, da tsakuwa a ciki don su sami wurin tsayawa. To, makon jiya 'yarta ta haihu a wani gari, Goggo ta fita a gigice ta yi kwana huɗu, zafi ya shanye daron tas. Ƙudan zuma kuwa in ya koyi hanyar wani ruwa, da wuya ya sake ta. Ta dawo ta cika daro har yana zuba, kaɗan ne suka ko leƙa shi.

Shekaranjiya ƙudan suka harbi 'yar mai wanki a fatar ido, yarinyar da Goggo ta karɓi haihuwarta da hannunta. Idon ya kumbura ya rufe ruf. Da a wani lokaci ne, da an ba uwar haƙuri an wuce wurin. Amma saura mako ɗaya zaɓen shugaban kwamitin unguwa, famfon nan kuma shi kaɗai ne abin da Ciyaman mai kemis zai nuna na shekara biyun da ya yi a kujera. Mai ja da shi, wani mai sayar da tayoyi da ake ce wa Lauya saboda bakinsa ba ya hutawa, ya sami abin da yake nema. Yana bin majalisa majalisa yana cewa an gina wa ƙwari famfo, an bar mutane da ƙishirwa.

Goggo ta tsallaka ta shiga kemis. Ciyaman na jera kwalabe, ya gan ta, ya ci gaba da jerawa da sauri kamar kwalaben za su gudu.

"Ciyaman, kwana uku kawai nake roƙo," ta ce. "A rufe famfon, a lulluɓe shi da buhu ya bushe. In sun zo ba su samu ba, za su koma darona."

"Goggo, ki rufa min asiri. In rufe famfo ana saura mako ɗaya? Ai gara in ɗauki kujerar in kai wa Lauya shagonsa da kaina."

"To ya kake so in yi?"

"Ki zo taro da yamma. Abin da jama'a suka ce shi ke nan."

Ta koma gida ta kasa zama. Ta ɗora ruwa a wuta ta manta, ta hau tsani ta sauko, ta sake hawa. Akwatunan na nan a jere a ƙarƙashin rumfar kwano, ma'aikata na shiga da fita, ba su san ana shirya musu shari'a ba.

A ajin makarantar firamare aka yi taron, manya sun matse kansu a bencin yara, gwiwa na dukan tebur. Lauya ya yi magana ta kusan rabin awa, ƙarshenta dai a kawo mai feshi a gama da akwatunan. Wasu suka tafa. Mai wanki na zaune a baya yana kallon ƙasa.

Ran Goggo ya ɓaci, ta miƙe. "Wa ya ce muku nawa ne? Kukar nan ta bayan gareji, ba ƙudan zuma a kogonta? Ko su ba sa shan ruwa?"

Gaskiya ce, akwai su a kukar. Amma ita kanta ta ji maganar ta fito da nauyi.

"To a rubuce yake a goshinsu?" in ji Lauya. "Ta yaya za a gane na wa da na wa?"

Nan fa aka taɓo inda Goggo ba ta da magani. In aka tambaye ta abin da ta sani, ba ta iya yin shiru ko da shirun ne zai cece ta. "Abu mai sauƙi," ta ce. "A barbaɗa musu garin fulawa suna kan sha. Duk gidan da farin ƙuda ya shiga, can ne gidansu." Sai da ta zauna ta gane ta ba su wuƙa da nama. Aka tsayar a kan haka: gobe da hantsi a gwada, in nata ne, akwatunan su bar unguwa kafin Juma'a.

Washegari rabin unguwa ya fito, har da waɗanda ba su taɓa ɗaukar bokiti ba. Goggo ta sa hular ragarta, ta tsaya a kan famfon da rariya tana kaɗawa a hankali. Ƙudan suka yi fari fat, suka tashi sama suka ɓace wa ido. Aka ɗunguma zuwa ƙofar gidanta. Da aka zo batun wanda zai hau rufi ya shaida, sai Lauya ya tuna gwiwarsa na ciwo tun jiya. Dole Ciyaman ya karɓi ɗayar hular ya bi ta, yana hawa yana salati.

Suka tsuguna a gefen akwatin tsakiya. Goggo na roƙon Allah a ranta ya sa su nufi kukar bayan gareji. Baƙaƙe suka sauka, suka shige. Wasu baƙaƙen suka biyo baya. Har ta fara sakin numfashi sai ga ɗaya fari sol ya sauka a bakin katakon, ya tsaya yana goge fuska da ƙafafunsa, ya shige. Na biyu ya zo, na uku ya zo. Daga nan ta daina ƙirgawa.

Ciyaman ya matso kusa, ya rage murya. "Goggo, ni fa ban ga komai ba. Ragar nan ta tare min ido." Ya waiga wajen tsanin. "Mu ce na kuka ne. A je a toshe kogon, hankalin mutane ya koma can. Ki bari in ci zaɓen nan, wallahi washegari zan rufe miki famfo, ba ma kwana uku ba, biyar. Akwatunanki na nan, ni ma ina nan."

Maganar ta shige ta, ba ƙarya. Mako ɗaya ne kawai. Ba wanda zai hau ya duba, kuma a unguwar nan ba a taɓa ƙaryata Goggo ba. Ta dubi akwatunan, ta tuna na tsakiyan nan daga ɗan cincirindon da bai cika ƙwarya ba ta raine shi. Tsoron rasa su ya kama ta.

Ta miƙe ta je bakin rufin ta leƙa. Fuskoki duk sun ɗago sama. Can gefe matar mai wanki na tsaye da bokiti a hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da 'yarta. Yarinyar ta karkatar da kai tana kallon Goggo da idon da ya rage a buɗe. Gobe ma za su zo famfon, jibi ma haka, har kwana bakwai.

"Goggo, sun zo?" matar ta tambaya.

Goggo ta cire hular. "Sun zo, 'yar nan. Nawa ne."

Hayaniya ta kaure a ƙasa, muryar Lauya ta fi ta kowa, gwiwa ta warke. Ciyaman ya zo ya wuce ta gefenta. "Kin kashe ni, kin kashe kanki," ya ce.

"Riƙe tsanin da kyau," ta ce masa, "mataki na uku daga ƙasa yana motsi."

Da wurin ya watse, ta zauna a kan bulo kusa da akwatunan ta fito da waya ta kira ƙanenta, manomi ne a wajen gari, tafiyar awa biyu a mota. Ta tambaye shi ko motarsa na da lafiya, ko akwai wuri a bayan gonarsa. Ya ce akwai wuri, ya ce ai za ta riƙa zuwa duba su. Ta ce e, za ta riƙa zuwa, duk da su biyun sun san yadda doguwar tafiya ke kwantar da ita.

"Yaya, ni fa ban san komai a kansu ba," ya ce. "Me suke so?"

"Inuwa da tsakar rana," ta ce. "Kada ka tsaya a gaban ƙofarsu. Kuma ruwa, ka ji ko, kullum ka duba musu ruwa…"

Ta juya wajen akwatunan. Ya yi ta cewa "Yaya? Yaya, kina ji na?" ita kuma tana riƙe da wayar a kunne, tana kallon su suna ta shiga da fita.